Ɓarin Goron da Madam Danuta Ta Ci

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Madam Danuta ta ci kyauta. Ina cikin aji ina fama da 'yan troisième waya ta yi ƙara a jaka, sai da aka fita hutu na duba. Hotonta ne, tana tsaye da baƙar riga, ta rungume wani ɗan mutum-mutumi na tagulla kamar wadda aka miƙa wa jariri. A ƙasa ta rubuta da gurgun Faransancinta: "Luba, babbar kyautar festival! Tamu ce, ni da ke da Goggo." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na bi malaman lakwal, wato makarantarmu, ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu, har mai gadi sai da ya gani.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, tunda kayen nan, littafin da nake rubutu a ciki, sabo ne. Danuta 'yar ƙasar Pologne ce, sana'arta shirya fim. Shekara uku da suka wuce ta zo Djougou tana neman gidan fataken goro na asali, aka nuna mata namu. Lokacin na je gida hutun ƙarshen shekara, kuma ni ce mai Faransancin gidan, shi ke nan na zama tafinta. Wata biyu ta yi a ɗakin baƙi, tana bin Goggo Mairamu da kamera daga ɗakin goro zuwa kasuwa. Ita da bakinta ta gaya mini shekara ashirin tana fim, ɗaya a kan masu haƙar kwal, ɗaya a kan kakarta, ba wanda ya san da zamanta. Yau ga ta. Goggo kuwa ba ta ga wannan rana ba, bara ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Na kira Saratu in yi mata albishir, ba ta ɗauka ba. Sau uku.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Har yanzu Saratu shiru. Matar da ke ɗaukar wayata ko tana tsakiyar tuƙin tuwo, ta maƙale ta a kafaɗa tana zagina wai na ƙona mata miya.

Ni da Saratu gida ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya, Goggo ce ta yaye mu duka biyu. Ni na yi karatu na zo Parakou, ita ta zauna ta gaji Goggo a ɗakin goro. 'Yarta Nana Aisha tana aure nan Titirou, cikinta na fari ya tsufa, ta koma Djougou goyon ciki. Mun gama magana tuntuni cewa ranar da ta sauka zan ajiye alli in tafi, ni da Saratu mu ƙulla goron suna kamar yadda muka yi na auren.

Ƙila wayar ce ta lalace. Amma ai ina ganin saƙona an buɗe.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Maigidana Awalu ya dawo daga masallaci bai ko cire hula ba ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Maman Talle, kin ga wannan?"

Wani yanki ne na fim ɗin, minti uku, masu festival suka sa a intanet don talla. Kwana huɗu ke nan yana yawo a wayoyin mutanen Djougou, ni kaɗai ce ban gani ba. Goggo ce zaune a ɗakin goro tana tsince masu tsutsa, kanta a ƙasa, tana magana kamar da kanta take yi. Tana lissafa kakanni, daga kakanmu Madugu har zuwa mu. Da ta iso kan Ɗan'auta, kakan baban Saratu, sai ta faɗi abin da ba a faɗa. Daga ina Madugu ya zo da shi yana yaro, da huhun goro nawa aka bayar a kansa a kasuwar Salaga.

A ƙasan hoton an rubuta shi da Faransanci, fari fes. Har da kalmar. Goggo ba ta ma faɗi kalmar ba, su suka sa ta. Ni ba zan rubuta ta a kayena ba.

Da yankin ya ƙare sai sunaye suka hau. Fassara: Lubabatu. Sunana kaɗai.

Juma'a, 9 ga Mayu, kafin magariba

Na sauko da akwati na fito da kaye goma sha ɗaya da na yi wa Danuta fassara a ciki. Hoton awa sittin ta ɗauka, ita kuwa ba ta jin ko "zo" a Hausa. Abin da na fassara mata shi take gani, wanda na tsallake kamar babu shi. Na nemo ranar. Ga shi nan a kaye na bakwai, da hannuna: "Hirar tsohuwa, ba wani abu a ciki." Layi ɗaya, na wuce.

Ni dai ban rubuta ba. To wa ya fassara mata?

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Na aika wa Danuta saƙo: wa ya fassara miki maganar ɗakin goro? Ta mayar mini da hoton zuciya, wai tana cikin jirgi, za ta kira. Hoton zuciya!

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe biyar

Ina zargin Tahir. Ɗan Baba Sahabi ne, mai gidanmu na Djougou, kuma shi ya tuƙa Danuta wata biyun nan, shi ke riƙe mata doguwar sandar ɗaukar murya. Yana jin Faransanci fiye da yadda yake nunawa. Kuma ina ya samu sabuwar wayar nan bayan tafiyarta? Ya ce kyauta ce. To kyautar me?

Ko kuwa wani ɗalibi ne ɗan Nijar a can Varsovie, babban birninsu. Ba a rasa Bahaushe ko'ina. Ta ba shi ya saurara, shi kuwa me ya dame shi da gidanmu.

A lakwal Madam Lauratu sakatariya ta ce mini, "Malama, kin zama tauraruwa, félicitations." Tana murmushi. Ƙanwar mijinta tana Titirou, layi ɗaya da surukan Nana. Ban yarda da murmushin nan ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Na zauna na karanta duk abin da aka rubuta a kan Danuta, waya tana fassara mini daga yarensu. Kai, duniya! Matar da ta kwana wata biyu a kan katifar soso tana kuka da sauro, yau ana ce mata babbar murya a fim ɗin ƙasarsu. An gayyaci fim ɗin wani festival a Faransa, wani a Kanada. Makarantar fim ɗin da ta ƙi ɗaukarta aiki sau biyu yanzu tana roƙon ta zo ta koyar. Wani ɗan jarida ya ce duk fim ɗin a kan minti ukun nan ya tsaya, wai alƙalan festival sun yi tsit da suka gani.

Aka tambaye ta yadda ta samu mutane suka saki jiki da ita haka. Ta ce, "Ina da ƙawa a gidan, ita ta buɗe mini ƙofa."

Me take nufi da buɗe ƙofa? Wace ƙofar? Ni ƙofar ɗakin baƙi na buɗe mata, na share, na sa mata gidan sauro.

Sai hoton tallan fim ɗin. Hannu biyu ne, baƙi mai tamoji da fari mai zobe, kowanne riƙe da ɓarin goro. Sunan fim ɗin ma da yarensu abin da yake nufi ke nan, ɓari biyu. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Danuta ba ta kira ba.

Asabar, 17 ga Mayu, Djougou, bayan la'asar

Baba Sahabi ya aiko in zo. Na hau motar safe. Tun daga Bétérou na rufe ido na yi kamar barci, ban buɗe ba sai da muka wuce Partago. Ba na son wannan yankin hanyar, shi ke nan.

A zaure na same shi, Tahir na gefe. Bayan gaisuwa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini. Ya ce, "Lubabatu, matar nan ta ci goro da Goggo ko ba ta ci ba?"

Na ce, "Ta ci, Baba."

"A gaban wa?"

"A gabanmu duka."

Gidanmu masaukin fatake ne tun kafin Faransawa. Baƙon da zai daɗe, ranar da ya sauka babban gida yakan fasa goro ɗaya, ya ci ɓari, ya ba baƙo ɓari. Shi ke nan an ƙulla: gidan ya zama naka, ka shiga ko'ina, ka ji komai, amma abin da ka ji a ciki ba ya bin ka waje. Ba takarda, ba rantsuwa. Mutanen Kano sun ci, mutanen Gwanja sun ci, Yarabawa sun ci, ba a taɓa jin maganar gidan nan a kasuwa ba. Shi ya sa Goggo ta saki baki a gaban kamera. A wurinta 'yar gida ce ke zaune kusa da ita da wani ƙarfe a kafaɗa.

Baba ya ce, "Kin gaya mata ma'anarsa?"

Na ce na gaya mata. To ai na gaya mata wani abu. Da ta tauna ta yamutsa fuska ta tambaye ni me wannan ke nufi, na ce mata maraba ce. Yaya za a yi in dubi idon baƙuwa ranar da ta sauka in ce mata kar ki yi mana tsegumi? Ai cin fuska ne. Don kar a faɗa da baki aka yi goron tun farko.

Sai na fito da kaye na bakwai na nuna masa layin. Na ce ni ban rubuta ba, a tambayi wanda ke riƙe da sandar murya, a kuma tambaye shi wa ya saya masa waya. Haka na faɗa, a gaban mahaifinsa.

Tahir bai ɗago kai ba. Ya ce, "Yaya Luba, ni dai tuƙi nake yi."

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu tashi.

Asabar, 17 ga Mayu, kafin magariba

Na shiga cikin gida. Saratu ta fito daga ɗakin goro tana goge hannu a zane. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ya hanya? Ya maigidan? Ya yara? Ya aikin lakwal?" Gaisuwa ta yi mini cikakkiya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kamar yadda ake yi wa matar liman. Saratun da in na iso take cewa, "Ga baturiyar Parakou, a ɓoye nama."

Malama. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Nana ce ta ja ni gefe, ƙafafunta a kumbure. Ta ce tun da abin ya fito uwar mijinta ba ta kira ba, ita da take kira kullum safe. Wata gwaggon mijin kuma ta ce a gidan biki, da an yi bincike sosai kafin a kai kuɗin gaisuwa. Nana ta ce, "Inna Luba, wa ya yi mana haka?" Na ce ina nan ina bincike.

Lahadi, 18 ga Mayu, Parakou, da yamma

Ni dai ban rubuta ba.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe biyu

Maigida yana ta fama da ragunan layya, daga wannan kasuwa zuwa waccan, ya dawo yana warin garke. Yau yana cin abinci ya ce, "Me ya hana ki kira baturiyar nan ki tambaye ta baki da baki? Ba saƙo ba, kira." Na ce ba ta ɗauka. Ya ce, "Kin kira?"

Me ya sa ya tambaye ni haka? Wa ya yi magana da shi? A kasuwar shanu akwai mutanen Djougou, kuma Tahir yakan kawo musu kaya. Na ce masa in yana da abin faɗa ya faɗa. Ya ce shi miya kawai yake so a ƙara masa.

Kowa yana da abin da ya sani ban da ni. Ko mai zem, ɗan acaɓan da ya kawo ni gida Ladjifarani jiya, sai da ya kalle ni ta madubi sau biyu.

Juma'a, 23 ga Mayu, da hantsi

Danuta ta ci wata kyautar a Faransa, ta masu kallo. A hoton ta sa ɗankwalin da Saratu ta ba ta ranar tafiya, ta naɗa shi a wuya. Ɗankwalin Saratu! Ko kunya babu.

Na fara tunanin da gangan ta yi komai. Kukan da take yi a lokacin, cewa ba ta da labari sai hotuna, cewa in wannan fim ɗin ma bai yi ba za ta bar sana'ar ta koma koyar da yara zane, duk dabara ce. Irin mutanen nan sun san yadda ake sa mutum ya ji tausayinsu har ya... Kai, bari dai. Ina da takardun jarrabawa saba'in da zan gyara.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

Nana ta sauka da asuba, namiji, lafiya lau. A status ɗin Tahir na gani, tare da kowa da kowa.

Suna ranar Litinin mai zuwa. A gidanmu goron suna iri biyu ne. 'Yan cikin gida fari ake ba su, guda biyu a ganye. Maƙwabta da abokan arziki ja. Ba wanda ya taɓa faɗar wannan da baki, amma ko yaro ya sani, in aka miƙo maka ƙullinka ka buɗe ka san matsayinka. Tun muna 'yan mata ni da Saratu ke zama mu ware, tana ƙullawa ina ƙirga gidaje.

Na shirya jaka. Ban tafi ba, ina jiran Saratu ta kira.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na kira Danuta. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ashe da na kira tun farko da ta ɗauka.

Tana ta murna, tana ba ni labarin Kanada. Na katse ta, na ce, "Danuta, wa ya fassara miki maganar Ɗan'auta?"

Sai ta ce, "Luba, ke ce mana. A mota." Ta ce ƙaramin makirufo yana maƙale a rigata tun safe, ba a kashe ba. Ta ce da gangan ba ta sa muryata a fim ɗin ba, don ta kare ni. Wai ta kare ni!

Na ce, "Ta yaya za ki fitar da maganar cikin gida?"

Ta ce, "Ba ki ce kar in sa ba. Ko sau ɗaya ba ki ce ba. Da kin ce da ban sa ba, na rantse."

Na ce, "Kin ci goro!"

Ta ce, "Wane goro?"

Goron da ke jikin kowane bango a garinsu, goron da ta sa wa fim ɗinta suna da shi. Na bayyana mata, yau, bayan shekara uku. Na ji numfashinta ya canza. Ta ce Allahna, sau biyu, da yarensu. Ta ce me ya sa ban gaya mata ba. Na roƙe ta ta cire wurin. Ta ce za ta sa a sauke yankin da ke intanet, amma fim ɗin ya riga ya fita daga hannunta, gidajen talabijin uku sun karɓa. Ta yi kuka. Ban san ko na yarda da kukan ba, kuma yardata ba za ta gyara komai ba.

Ta aiko mini da muryar. Ban buɗe ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan azahar

Na buɗe. Da ma na san abin da ke ciki.

Ranar ce da muka taho Parakou sayen batir ɗin kamera. Da safen Danuta ta sa mu ƙulla goro a gaban kamera, ni da Saratu. Nawa ya kwance sau uku. Saratu ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ku dube ta, jikar Madugu, ba ta iya ɗaure ganye ba. Karatu ya cinye mata yatsu." Duk matan gidan suka kwashe da dariya, Danuta ma ta yi, ba ta ma san me aka ce ba. Wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara. Amma ranar a gaban baƙuwa ne, kuma ya tsaya mini a rai.

Muna wuce Partago Danuta ta fara kukan ba ta da labari. Sai ga muryata. Na ce, "Kina da labari, ba ki sani ba ne. Kin san abin da Goggo ta faɗa jiya?" Na zayyana mata duka. Salaga, huhu biyu, har kalmar. Ni na fara faɗar kalmar, da Faransancina mai kyau na malamar lakwal. A ƙarshe na ce, "Wadda ta yi mini dariya ɗazu ke nan." Na yi 'yar dariya.

A bayan muryata ana jin ƙarar mota, da Tahir yana canza giya.

Shekara uku ya riƙe. Na tozarta shi a gaban ubansa, bai ce komai ba sai "tuƙi nake yi". Kuma ni na sani. Tun ranar da Maigida ya miƙo mini waya na sani, na zauna ina cika kayen nan da sunayen mutane.

Asabar, 31 ga Mayu, Parakou, bayan na dawo

Jiya na je Djougou. Wannan karon idona a buɗe har muka isa.

Na fara da zaure. Na durƙusa na gaya wa Baba Sahabi, Tahir na nan. Na nemi gafarar Tahir. Ya ce, "Ba komai, Yaya," yana kallon ƙasa, kamar shi ne mai laifin. Baba ya ce ba shi na yi wa ba, in shiga ciki.

Saratu tana ɗakin goro ita kaɗai, kwando biyu a gabanta, fari da ja, da tulin ganye a jiƙe. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata duka, ban rage ba, har dariyar. Ba ta daina ƙulli ba. Yatsunta suna ta aiki, ta naɗe, ta zagaya zare sau biyu, ta soke bakin a ƙasa yadda Goggo ta koya mata.

Da na gama ta ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Luba, ina da shekara bakwai na san maganar Ɗan'auta. Kowa a gidan nan ya sani. Ba ta taɓa hana ni barci ba, don a gidan nan ba wanda ya taɓa nuna mini. Goggo ta faɗa a ɗakinta, a gaban wadda ba ta jin Hausa. Baturiya kuwa ba ta san goro ba, ba ruwana da ita." Ta ajiye ƙulli ta ɗauki wani ganye. "Abin da ban sani ba shi ne kina riƙe da ita. Shekara arba'in muna kwana tabarma ɗaya, ashe tana aljihunki, kina jiran ranar da zan ɓata miki rai."

Na ce wallahi ba haka ba ne. Ta ce, "To yaya ne?"

Na kai hannu zan ɗauki ganye in taya ta, ta jawo kwandon zuwa gefenta a hankali, ta ce, "Bar shi, za ki makara mota."

Nana ta miƙo mini jaririn kafin in fito. Tana ta murna, wai surukanta sun ce za su zo suna, ko da yake uwar mijin ba ta yi magana da ita ba tukuna. Ba ta san komai ba, uwarta ba ta gaya mata ba. Ta ce, "Inna Luba, kin gano wanda ya yi?" Na ce na gano.

Lahadi, 1 ga Yuni, da hantsi

Direban motar Djougou ya tsaya a ƙofar gida ya ba Talle saƙo. Goron suna ne, ƙulli ɗaya, an rubuta "Ladjifarani" a 'yar takarda.

Na san ƙullin tun kafin in karɓa. Zare sau biyu, an soke bakin a ƙasa. Ba aike Saratu ta yi a ƙulla ba, ita da hannunta ta yi. Na ajiye shi a kan tebur na yi wanke-wanke, na share tsakar gida, na sake sharewa. Maigida ya ce, "Ki buɗe mana."

Ja ne. Manya, masu kyau, ba ko tabo, irin wanda ake zaɓa wa baƙon da ake ganin girmansa.

Danuta ta aiko saƙo ɗazu, wai an gayyace ta wani festival a watan Satumba, tana so ta zo da ni in tsaya kusa da ita. Ban amsa ba.

Gobe zan hau motar asuba. Ba zan shiga ta ƙofar cikin gida ba. Akwai rumfar da ake kafa wa baƙi a waje, kusa da zaure, ni na saba shimfiɗa musu tabarma. Can zan zauna har a kawo mana abinci.